Hannu ya iya aikin, baki ne ya kayar da ni a intabiyu

Saƙon wannan karon daga wani ƙanenmu ne da ke Birmingham a Ingila, na ɗan rage masa tsawo. Ya ce:

"Salam Yaya. Ni ɗan Kano ne, ina da HND a fannin injina, na yi shekara 6 ina gyaran injina a wani kamfanin roba a Sharada. Matata nas ce, a bizarta na biyo ta, yanzu wata 14 kenan ina ɗaukar kwali a sito. Sau biyu ana kirana intabiyu a kamfanin ƙere-ƙeren ƙarfe, sau biyu ina faɗuwa. Na ƙarshen mutumin ya miƙo min zane ya ce in faɗa masa tolerance ɗin wani rami, sannan ya tambaye ni bambancin hardness da toughness, wallahi na san abin a kaina amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na sauke kalmomin injiniyanci wajen 2000 a waya ina haddacewa amma ba sa zama. Takardata ce ba su yarda da ita ba ko me? Ga Baba a gida yana ta faɗa wa mutane ɗansa injiniya ne a Ingila, har kunyar kiran waya nake."

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai ka bar waccan haddar ta 2000, ba za ta kai ka ko'ina ba, ni ma na yi irinta lokacin da na zo, na iya kalmomin da har yau ban taɓa jin wani ya furta su a bakin inji ba. Kuma ba takardarka ce ta kayar da kai ba, tunda da ita ce matsalar ai ba za su ɓata lokacinsu su kira ka ba. Abin da ke damunka ƙarami ne amma mai naci: kalmomin da ake juyawa kullum a shagon ƙarfe ba su da yawa, sai dai rabinsu kalmomi ne da kake ganin ka riga ka sani, a nan ake faɗawa rami.

Bari in ba ka nawa. Satina na farko a wani ƙaramin kamfani, aka ba ni faranti na ƙarfe guda goma sha wani abu da takardar zane, can ƙasa an rubuta "break all sharp edges". Na tsaya ina jujjuya faranti ina tunanin ta ina zan fasa shi, da guduma ko da me. Allah ya taimake ni wani dattijo da ke benci na kusa ya lura, ya zo bai ce komai ba ya ɗauki magagari ya shafi gefen sau biyu, ya goga da babban yatsa, ya miƙo min. Shi kenan fa. Ashe nufinsu a kashe kaifin gefen kada ya yanki mutum. Da yamma kuma foman ya leƙo ya ce kan kusar nan "is sitting proud", ni a raina na ce kusa kuma da girman kai? Ashe ta ɗan ɗago ne sama da fuskar ƙarfen, so yake ta kwanta daidai, wanda shi kuma suke ce wa flush. Haka tap, kai ka san famfo, su kuwa abin yanka haƙori ne a cikin rami don kusa ta ɗauru. Die ba mutuwa ba ce, shi ne mai yanka haƙorin ta waje, ko kuma mazubin da ake matse ƙarfe a ciki. Play kam da sauƙi, ko kanikawanmu na gida cewa suke abu yana wasa.

Ka kuma tuna ba hannu rabbana ka zo ba. Sifana, filaya, noti, washa, bawul, fistin, walda, duk Turanci ne da bakinmu ya lanƙwasa, abin da ya rage ka mayar da su yadda mai su ke faɗa, kuma ka saba da lafazin mutanen yankinku don Turancin Birmingham da Dudley daban yake da na BBC, ni sai da na yi wata uku kafin in daina cewa a maimaita min.

Yanzu tambayar da ta kayar da kai. Ka je da tunaninka bakin maƙera. Maƙerin da zai yi adda da tsohon sifirin mota, zai zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, ya daka, sannan ya tsoma shi a ruwa ko baƙin mai ya yi cuuu. Wannan tsomawar ita ce quenching. Ƙarfen ya yi tauri, magagari ma zamewa yake a kansa, wannan taurin da ke hana karcewa ko lotsawa shi ne hardness. Amma in ka sari icce da shi a haka zai iya ɓallewa kamar tangaran, ya yi gautsi, su ce brittle. Shi ya sa wanda ya iya aikin zai sake ɗumama shi kaɗan, ba har ya yi ja ba, taurin ya ɗan sauka amma ya samu juriyar duka. Ɗumamawar tempering ce, juriyar dukan kuwa ba tare da ya tsage ba ita ce toughness. Gilashi yana da taurin amma ba shi da juriyar dukan. In kuma aka gasa ƙarfe aka bar shi ya huce a hankali don ya yi laushi a ji daɗin aiki da shi, annealing kenan. Kaga da ka ba mutumin nan labarin addar nan da Turancinka ko da a karye, da ya gane ka san abin fiye da mai hadda. In ka ƙara masa da cewa ana auna taurin da Rockwell ko Brinell ko Vickers, juriyar duka kuma da gwajin Charpy, to ka gama da shi.

Sauran 'yan uwansu ma duk a gida ka bar su. Masu zubin tukwanen alminiyom a cikin yashi casting suke yi, maƙeri mai duka forging yake yi. Wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta katse, fatigue ce ta kashe ta, gajiya dai kamar yadda sunan ya nuna. Rodin da ka ɗan danna ya dawo yadda yake, ka ƙara ƙarfi ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, wannan gaɓar da ya sallama ita ce yield, kuma ita ce lambar da kake gani a jikin sunan ƙarfen gini: S275 da S355 na nufin a megafaskal (ma'aunin nauyin da ke kan ƙarfe) 275 da 355 suke sallamawa. Ko kan kusa ka duba za ka ga 8.8, wato tana kai 800 kafin ta tsinke, tana fara sallamawa a 640. Stress nauyin da ke kan kowane ɗan yanki ne na ƙarfen, strain kuma miƙewar da ya yi saboda nauyin, kada ka haɗa su, suna son wannan tambayar.

Sunayen ƙarfen ma ka riƙe 'yan kaɗan da za ka riƙa ji. Mild steel shi ne baƙin ƙarfen yau da kullum mai ƙarancin kabon. Wanda ba ya tsatsa, 304 da 316 ne suka fi yawo, 304 yana da kiromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, shi 316 an ƙara masa molibdenom don ya jure gishiri. Tsofaffin ma'aikatan Ingila har yanzu za ka ji suna EN8 da EN24, sunaye ne na tsohon tsari amma sun ƙi mutuwa. Brass jan ƙarfe ne da zinki, bronze jan ƙarfe ne da kuza, mu duk tagulla muke cewa mu huta, su ba sa haɗawa.

Sai awo, kuma nan nake so ka buɗe kunne sosai don nan ake asarar kaya. Tolerance ba haƙuri ba ne, iyakar kuskuren da aka yafe maka ne. In zane ya ce 25 ±0.05, to daga 24.95 zuwa 25.05 an karɓa, ka wuce haka ko da ƙiris kayan ya tafi kwandon scrap, ko a ce a sake aikinsa. In ka ga 25 H7 a kan rami, nufinsa daga 25 cif zuwa 25.021, ba ƙasa ko kaɗan. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In Bature ya ce "ten thou" ba dubu goma yake nufi ba, kashi goma cikin dubu na inci ne, wato milimita 0.254. In ɗan Ingila ya ce "five mil" milimita biyar yake nufi, amma ɗan Amurka in ya ce mil to thou yake nufi, ka ga tazarar da ke tsakani, saboda haka in kana kallon bidiyon Amurkawa a YouTube kana koyo ka yi hattara, hatta sifana su wrench suke cewa, ɓarɓashin ƙarfen da inji ke zubarwa 'yan Ingila su ce swarf su kuma su ce chips. Ka saba da duba kusurwar zane ka ga first angle ne ko third angle, wato tsare-tsare biyu na jera fuskokin abu a zane, kafin ka taɓa komai, in ka juya su rami zai fito a ɓangaren da ba nasa ba. M10 x 1.5 kuwa, wato kusa mai kaurin milimita 10 da tazarar haƙori milimita 1.5, ka san shi tun gida, ramin da za a yanka masa haƙori da diril 8.5 ake huda shi.

Yadda za ka koya: ka sayi ɗan littafi mai shiga aljihu. Ka samo zanen aiki na gaske guda biyar ko shida, suna nan birjik a intanet, ka bi su layi-layi, duk kalmar da ta tsaya maka ka rubuta ta, gefenta ka rubuta da Hausa abin da ka taɓa riƙewa a Sharada mai kama da ita, ba fassarar ƙamus ba. Ka sayi kayan awon nan baniya da maikiromita ko na hannu ne, ka riƙa auna duk abin da ka gani a gida kana faɗin awon da ƙarfi da Turanci, madam za ta yi maka dariya, ba komai. Tallan aikin da kake nema ma darasi ne, ka tara guda ashirin ka ga kalmomin da ke ta maimaituwa. Na tsaro kam dole ne, PPE (kayan kare jiki), risk assessment (tantance haɗarin aiki), near miss (haɗarin da aka tsallake da ƙyar), da yadda ake kashe wutar inji a sa kwaɗo kafin a sa hannu, don tun dokar lafiya da tsaron ma'aikata ta 1974 ba sa wasa da wannan, amsa ɗaya ta ganganci a nan ta isa a sallame ka ko da ka cinye sauran. Kuma in ba ka gane tambaya ba ka ce a nuna maka a zanen, a shagon ƙarfe mai tambaya ya fi mai gyaɗa kai daraja nesa ba kusa ba.

Batun takarda. Ka nemi Statement of Comparability daga UK ENIC, waɗanda a da ake kira NARIC, su ne ke rubuta matsayin HND ɗinka a ma'aunin Ingila. Za su buƙaci satifiket da tiranskirif, to tun yanzu ka sa wani tsayayye a gida ya fara bin makarantarku don ka san yadda fitar da takarda take a wajenmu. Ka sa a karɓo maka wasiƙa daga tsohon wurin aikinka wadda ta ambaci irin injinan da ka riƙe da shekarun da ka yi, ba wai yaro ne mai ladabi kawai ba. A saman CV ka rubuta ƙarara cewa kana da izinin aiki ba ka buƙatar su ɗauki nauyin bizarka, ka shirya share code ɗinka, wato lambar da kamfani zai duba izinin aikinka da ita, ƙananan kamfanoni da yawa tsoron wannan ɗawainiyar ce ke sa su ture takardar baƙo. Amma ka riƙe a ranka zamanka a jikin bizar matarka yake rataye, ku riƙa duba ranar ƙarewarta tare, dokokin kuma suna yawan canzawa, shafin gwamnati za ka duba ba guruf ɗin WhatsApp ba. Kada ka tsaya sai kujerar da aka rubuta injiniya, ka nemi maintenance technician (mai gyaran injina) ko fitter (mai haɗa sassan inji) ko mai kula da injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, daga nan in ƙafarka ta kafu sai ka bi ta ƙungiyoyin injiniyoyi IMechE ko IET ka yi rajistar matakin ƙwarewa na EngTech, gaba ka nemi na sama da shi, IEng.

Shi kuma Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ai bai yi ƙarya ba, injiniyan ne kai, kwalin ne na wucin gadi. Ka kira shi ranar Juma'a ka faɗa masa gaskiyar inda kake da abin da kake nema, ya sa ka a addu'a, hakan zai ma rage maka yawan masu turo lambar akawun suna zaton fam kake shara. In akwai ƙanenka a foli ka ce masa lokacin hutu ya je Panteka ko Ƙofar Ruwa ya zauna wurin masu aikin ƙarfe da littafinsa, ya riƙa haɗa sunan da suke faɗa da na cikin littafi.

In an sake kiranka intabiyu ka turo min tallan aikin kwana biyu kafin ranar, zan aiko maka da zane ɗaya ka karanta min shi a murya, daga kusurwar ƙasa ta dama za mu fara.