Waƙar Springsteen ta 1984: kirari ce ko kuka?

Ɗan'uwa na Daura, ka tambaya ko "Born in the U.S.A." ta mawaƙin Amurka Bruce Springsteen kirarin ƙasarsa ce. Wallahi kuka ce. Amshin ne ke ruɗar mutane, don ganga da ihu sun danne baitocin. Mai magana a cikin waƙar tsohon soja ne da aka tura yaƙin Biyetnam, ya rasa ɗan'uwansa a fagen daga na Khe Sanh a can, ya dawo gida ya nemi aiki a matatar mai, aka ce babu. Habaici ne irin na mawaƙan fada: amshi kamar yabo, baiti kuwa zambo.

In kana son kama kalmomin, sa abin ji a kunnuwa biyu, lasifikar waya tana cakuɗa murya da kiɗa. A YouTube ka rage gudun zuwa 0.75, in ka kai 0.5 muryar takan ja ta lalace. Rubuta baiti ɗaya bayan ɗaya, ka bar gurbi inda ba ka ji ba, kada ka cike da zato. Sannan ka nemi wadda Springsteen ya rera da jita, tana cikin kundin Tracks na 1998. A can babu ganga, kalmomin suna fitowa sarai.