Allurar tazarar haihuwa da mace ke yi wa kanta a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina goyon wata biyar, ni da maigidana mun yarda in huta kafin wani cikin. Sai dai asibiti na da nisa da ƙauyenmu, da damina ma rafi kan yanke mana hanya. Na ji an ce akwai allurar da mace ke yi wa kanta. Gaskiya ne? Ba za ta rage min ruwan nono ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiya ne, sunanta Sayana Press. Maganin cikinta iri ɗaya ne da na allurar wata uku da aka saba, sai dai miligiram 104 ne maimakon 150, kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta, ba cikin tsoka ba. Ba ta rage nono, mai shayarwa na iya farawa daga mako 6 bayan haihuwa.

Ta farko dole a gaban ma'aikaciyar lafiya za ki yi. Za ta auna hawan jininki, ta tabbatar ba ki da ciki, ta tambaye ki ko kin taɓa ciwon dajin mama, shanyewar jiki, ciwon hanta mai tsanani, ko zubar jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, ko mai hawan jini da ya kai 160 bisa 100, wata hanyar za a zaɓa mata. Idan hannunki ya faɗa, ki nemi a ba ki na gaba ki tafi da su gida. Tun 2011 gwamnatin Najeriya ta mai da kayan tsarin iyali kyauta a asibitocinta, ko da yake sukan yanke a wasu wuraren, don haka ki karɓi naki kafin ruwa ya sauka.

Ranar allura, ki wanke hannu da sabulu, ki duba kwanan watan lalacewa a jikin ledar. Ki fito da allurar daga ledar, tana haɗe da 'yar jakar roba mai ɗauke da maganin, ki girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30, don maganin yakan kwanta a ƙasa. Wadda ba ta girgiza ba ba za ta samu cikakken magani ba. Sannan ki tura murfin allurar ya haɗe da wuyan robar har giɓin da ke tsakaninsu ya rufe. Nan ne mata suka fi kuskure: in giɓin bai rufe ba, maganin ba zai fito ba komai matsawa. Ki cire murfin, ki tattaro fatar gaban cinya ko ta ciki nesa da cibiya, ki soka allurar duka tana kallon ƙasa, ki matsa 'yar jakar maganin a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 7. Kada ki murza wurin. Allurar da kika yi amfani da ita ki jefa cikin gwangwani ko gora mai murfi inda yara ba sa kaiwa, ki kai wa ma'aikaciyar. Sauran kuma ki adana su a inuwa, nesa da murhu da zafin rufin kwano.

Ana maimaitawa duk mako 13, ki sa alama a kalanda. Kina iya yi da wuri da mako 2 ko ki makara har mako 4. In ya wuce haka, ku yi amfani da kwaroron roba har ki ga ma'aikaciya.

Al'ada za ta iya rikicewa: ɗigon jini a watannin farko, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Mata da yawa kan bar allurar saboda tsoron jini na taruwa a ciki. Ba ya taruwa, bangon mahaifa ne ba ya yin kaurin da zai zubo. Jini mai yawa da ya ninka na al'adarki ko ya wuce kwana 8 ne ke buƙatar asibiti. Allurar ba ta kashe mahaifa, amma bayan an daina ciki kan yi jinkiri, galibi kamar wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har shekara. In kuma hutun shekara uku kuke so, ki tambayi ma'aikaciyar batun ashanar hannu, wato ɗan siririn maganin tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, ita sau ɗaya ake sawa.