Amsar Tambayarka Kan Takobin Kakanku

Ɗana, ka tambaye ni ko zanen da ke jikin takobin da kakanku ya bari zai iya nuna na Katsinawa ne, na Gobirawa ko na Buzaye. Zai iya taimaka maka, amma kada ka fara da ruwan takobin, domin ruwa matafiyi ne. Da yawa daga cikin tsofaffin takubban ƙasar nan an ƙera ruwansu a Turai, musamman a garin Solingen na Jamus, fatake suka ƙetaro Sahara da su. Jinjirin wata guda biyu da ake gani a jikinsu asalinsa tambarin maƙeran can ne, daga baya maƙeranmu suka riƙa buga irinsa saboda masu saye sun ɗauke shi shaidar ƙarfe mai kyau.

Abin da ya kamata ka tsura wa ido shi ne kube da mariƙi, domin badukun da ya ɗinka kube shi ne yake ɗinka zabira da takalmi da adon linzami, kuma hannunsa ba ya sauyawa. Ka ɗauko tsohuwar zabira ko matashin fata na gidanmu ka ajiye kusa da kuben, ka duba jar fatar da aka rina da karan dafi, da koriyar fatar nan da ake kira korino, da yadda aka danna layuka da ƴan ɗigo. Idan ka ga dagi, wanda ka sani a bangon soro da kan sirdi, to aikin ya karkata ga Hausawa. Idan kuma tagulla da farin ƙarfe suka yi yawa, da zane mai kusurwa uku irin na jakunkunan Agadas, sai ka yi tunanin maƙeran Buzaye.

Raba Katsinawa da Gobirawa ta zane kaɗai kuwa, ban ba ka shawara ba. Tun da Ɗan Kasawa, sarkin Katsinawa, ya zauna nan Maradi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri kusa da mu, kasuwa ɗaya muke ci, yaƙi ma tare aka yi, dukawa kuma suna yi wa kowa aiki. Ga shi kube yana tsufa a sake shi, don haka wanda ya riƙe takobin a ƙarshe yake nunawa. Kafin ka goge komai ko ka shafa masa mai, ka kai shi wurin tsofaffin maƙera su gan shi yadda yake.