Hamburg zuwa Kiruna a jirgin ƙasa: abin da na gani a hanya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daga Hamburg inda kake karatu za ka iya kaiwa arewacin Suwidin a jirgin ƙasa, ko gara ka bi ta sama. Sau biyu na bi hanyar nan, a Janairu da kuma Yuni. Ka hau na ƙasa, amma ka raba tafiyar kwana biyu.

Hamburg zuwa Copenhagen wajen awa 5 ne. Daga nan sai ka haye gadar Oresund da ta haɗa Denmark da Suwidin, wadda aka buɗe a 2000, cikin minti 40 kana Malmo. Fasfo da katin zamanka su kasance a aljihu, don 'yan sanda kan shigo tarago a tashar Hyllie su duba takardu, duk da cewa ƙasashen na cikin Schengen, wato yankin Turai da aka saba ƙetare iyaka ba tare da binciken fasfo ba. Malmo zuwa Stockholm kuma awa 4 da rabi.

Kuskuren da na yi a tafiyar farko shi ne barin minti 20 kacal tsakanin jirgi da jirgi, ga tikitin biyu daban-daban na saya. Na farkon ya makara, na biyun ya tafi, kuɗina suka bi ruwa. Tun daga ranar, awa biyu nake bari, kuma in zai yiwu tikiti ɗaya nake yanka har ƙarshe. Ka saya da wuri ta manhajar SJ, kamfanin jiragen ƙasa na Suwidin, farashin yana hawa ne yayin da ranar ke matsowa. Tsabar kuɗi ba ta da amfani sosai a can, katin banki ake karɓa ko shayi za ka sha.

Daɗin tafiyar yana cikin jirgin dare. Yana tashi daga Stockholm da yamma, ya isa Kiruna washegari da safe, sama da awa 14. Don Allah kada ka yi tsimi ka ɗauki kujera, ka biya kuɗin gado, ko da na ɗaki mai mutum shida ne. Na farka bayan mun wuce Boden, na ɗaga labule, ba abin da ido ke gani sai daji da ƙanƙara fari fat. A layin nan ne za ka ga dogayen taragun tama da ake haƙowa a Kiruna suna nufar tashar ruwan Narvik ta Norwe. In kana da hali ka zarce can ta Abisko, ban taɓa ganin hanya mai kyanta ba.

Batun salla ka shirya masa tun daga gida. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Kiruna, a tsakiyar Disamba kuma ba ta fitowa. Ni na tambayi malamai a masallacin Stockholm yadda ake ƙiyasta lokutan kafin in wuce. Ka ƙulle guzurinka ma daga can, shagunan halal suna da yawa a birnin, na taragon cin abinci kuwa ga tsada ga ƙarancin zaɓi.