An ba ni ɗalibai a ɗakin haihuwa, shin sai an yi mini horo?

Tambaya: Ni ungozoma ce a wani asibiti a Gusau. An turo mana ɗaliban jinya, aka ce ni zan riƙa duba su ina sa musu hannu a littafin aiki, wai manhajar yanzu ta gwada iya aiki ce. Na daɗe a bakin aiki. Sai an sake koya mini wani abu?

Amsa: Sista, sannu da ƙoƙari. E, sai an koya miki, amma ba karɓar haihuwa ba, wannan a hannunki yake. Abin da ya rage shi ne yadda ake tabbatar da cewa ɗaliba ta iya.

A 1990 wani likitan Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa mataki 4: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sai aikatawa a kan majinyaci. Malamin aji yana iya auna biyun farko da takarda. Na ukun shi ake gwadawa a jarrabawar OSCE, wato gwajin nuna aiki a gaban masu ba da maki, wadda NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, ke amfani da ita. Na huɗun kuwa ba mai ganinsa sai ke.

Ɗauki misalin mace mai jijjigar ciki da ake ba allurar magnesium sulphate, maganin hana jijjigar. Ɗaliba za ta iya zuba miki karatun tsaf. To kafin allura ta gaba, ta ƙirga numfashi ta ga bai gaza 16 a minti ba? Ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta amsa? Ta duba fitsari ya kai mililita 30 a awa? Idan ba ki tsaya kin gani da idonki ba, kada ki sa hannu, ko da 'yar maƙwabciyarki ce. Kunya ce ta fi ɓata mana wannan littafi, ba rashin sani ba.

Don haka bitar da za ki nema ta haɗa ku da malaman kwaleji a ɗaki ɗaya. A sa ɗaliba ta yi aiki a kan mutum-mutumin koyarwa, kowa ya ba ta maki shi kaɗai, sannan a kwatanta. Ranar farko za ki ga wani ya ce ta ci, wani ya ce ta faɗi. A yi ta gardama har a tsaya kan ma'auni guda. A ganina wannan ya fi laccar kwana uku a otal amfani, kuma malaman aji sun fi ku buƙatarsa, don wasunsu sun daɗe ba su yi aikin dare ba.

A kuma koya miki yin gyara: ba a gaban majinyaciya ba, kuma ki fara jin ta bakin ɗalibar kafin ki faɗi naki.

Ki tambayi metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ɗalibai nawa za a ba ki lokaci guda, da ko za a rage miki wani aikin. Wadda ke riƙe da ɗakin haihuwa ita kaɗai da dare ba za ta iya tsayawa kan ɗalibai goma ba, kuma gara ki faɗi haka tun kafin su iso.