Amsa: Beyar na zagaya mana filin bayan gida a Kanada

Malam sannu da haƙuri, kace tun da ƙanƙara ta narke beyar, babbar dabbar dajin nan da Turawa ke kira bear, take shigo muku filin bayan gida. Yunwa ce ke kawota, ta shafe watannin sanyi a kwance cikin rami, ta fito wajen Afrilu ciki ba komai, kuma ta fi kare jin ƙamshi. Shara ce babbar matsalar, ka kulle kwandon a gareji sai safiyar da motar shara zata zo, kar ka fitar tun dare. Abincin tsuntsaye da na kare a shigo dasu ciki, wurin gashin nama a wanke maiƙon tas. In kun haɗu don Allah kar ka gudu, ka ja baya a hankali kana magana cikin natsuwa, balle in tana tare da 'ya'yanta.