Mai shan maganin rage garkuwar jiki ta ƙi zuwa dubiyar masu ƙarambau, ta yi laifi?

Tambaya: Malam, ina da ciwon lupus, inda garkuwar jikina ke yaƙar jikin nawa. Likita ya ɗora ni kan prednisolone da azathioprine. Yaran ƙanin mijina a Unguwar Rogo, nan Jos, sun kamu da ƙarambau, na ƙi zuwa dubiya. Surukata ta ce rashin tawakkali ne da yanke zumunci. Ina da laifi?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Ba ki da laifi. Idan likitanki ya gargaɗe ki, nisantar ta zama wajibi a kanki.

Magungunan nan suna kwantar da garkuwar jiki ne don ta daina cin ƙoda da gaɓoɓi, to sai jiki ya rasa mai tsaro. Ƙarambau da yaro zai yi kwana bakwai yana susa ya miƙe, ga irinku tana iya sauka huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa. Dubiya hakkin Musulmi ce, amma idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura. Tsare rai kuwa a wuyanki yake, Allah yana cewa kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, 195).

Batun tawakkali shi ya fi damuna, domin da shi ake karya zuciyar marasa lafiya da yawa. Manzon Allah (SAW) ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aika wa kuturun da ke cikin tawagar ƙabilar Saƙif cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali? Hadisin "babu harbin cuta" malamai sun fassara shi da cewa cuta ba ta yaɗuwa da ikon kanta, sai da izinin Allah.

Zumunci bai yanke ba. Ki kira su a waya, ki aika da kunu ko lemu, ki je bayan ƙurajen sun bushe gaba ɗaya. Mijinki ne ya kamata ya fahimtar da mahaifiyarsa cikin ladabi.

Idan kin riga kin yi cuɗanya da yaran, ki sanar da likita yau, domin mai cutar na iya yaɗa ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito masa. Kada kuma ki yanke prednisolone da kanki, yankewa farat ɗaya haɗari ce. Wallahu a'alam.